Co-proxamol

Co-proxamol maganin rage raɗaɗi ne da likitocin Birtaniya suka shafe shekaru da dama suna rubuta wa marasa lafiya, musamman tsofaffi masu ciwon gaɓoɓi ko ciwon bayan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Kowace ƙwaya tana ɗauke da miligiram 325 na farasitamol da miligiram 32.5 na dextropropoxyphene, wani sinadari ɗan dangin magungunan ofiyam amma marar ƙarfi sosai. Sunansa na kasuwa da aka fi sani shi ne Distalgesic. An soke lasisinsa a ƙarshen 2007, sai dai ba a haramta wa likita rubuta shi kwata-kwata ba.

Asali

Kamfanin Eli Lilly na Amurka ne ya ƙirƙiro dextropropoxyphene a shekarun 1950, aka fara sayar da shi a 1957 da sunan Darvon. A tsarin sinadarinsa ɗan'uwan methadone ne, wani maganin dangin ofiyam. Daga baya, wajajen farkon shekarun 1970, aka fitar da haɗinsa da farasitamol a Amurka da sunan Darvocet. Faransa ma tana da nata haɗin, Di-Antalvic, wanda ya shiga gidaje da yawa. An karɓe shi hannu biyu a lokacin saboda ana ganin ya fi kodin sauƙin illa, kuma ba ya ƙwarzar ciki irin yadda asfirin da danginsa ke yi.

Tun da wuri aka fara kuka da shi. Ƙungiyar kare masu amfani da kaya ta Public Citizen ta nemi a hana shi a Amurka a 1978, ta sake nema a 2006.

Dalilin janyewa

Matsalar maganin ita ce tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da adadin da ke kisa ba ta da faɗi. Idan dextropropoxyphene ya yi yawa a jini yana danne numfashi, yana kuma dagula bugun zuciya. Hanta tana mayar da shi wani sinadari mai suna norpropoxyphene, wanda ke daɗewa a jiki, ya taru a jikin tsoho ko mai ciwon ƙoda. Giya da magungunan barci suna ninka haɗarin. Maganin naloxone, da ake ceto wanda ofiyam ya buge da shi, ba ya gyara ɓarnar da aka yi wa zuciya, kuma da yawa sun mutu kafin a kai su asibiti.

Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya, MHRA, ta kiyasta cewa kafin janyewar mutum 300 zuwa 400 ke mutuwa duk shekara a Ingila da Wales sanadiyyar shansa fiye da kima, kusan ɗaya cikin biyar bisa kuskure. Sau da yawa wanda ya mutu ba shi aka rubuta wa maganin ba, a kabad ɗin gida ya tarar da na wani. A watan Janairun 2005 hukumar ta sanar da janye shi sannu a hankali, don a samu lokacin sauya wa marasa lafiya magani, har zuwa 31 ga Disamban 2007. Binciken da Keith Hawton da abokan aikinsa na Jami'ar Oxford suka yi ya nuna an samu raguwar ɗaruruwan mace-mace a shekarun da suka biyo baya, ba tare da mutuwa ta wasu magungunan raɗaɗi ta ƙaru sosai ba.

Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar janyewa a watan Yunin 2009. Takwararta ta Amurka, FDA, ta bi sahu a Nuwamban 2010, bayan gwaji ya nuna maganin na sauya aikin lantarkin zuciya ko a jikin mai lafiya da ya sha adadin da aka tsara. Faransa ta cire nata a Maris 2011.

Taƙaddama

Wani nazari da aka buga a mujallar likitanci ta BMJ a 1997 ya gano cewa haɗin bai fi farasitamol zalla da wani abin a zo a gani ba. Masu ciwo mai daɗewa suka ce gwaje-gwajen na ciwon ɗan lokaci ne, ba irin nasu ba, kuma abin da aka ba su a madadi bai yi musu ba. Batun ya kai har zauren majalisar dokokin Birtaniya.

Samunsa bayan janyewa

Ƙofa ɗaya aka bari a Birtaniya: likita na iya rubuta shi a matsayin magani marar lasisi, da sunan majinyaci guda, idan ya gamsu cewa an gwada sauran magunguna sun gaza. A nan nauyin duk abin da ya biyo baya yana wuyan likitan ne, shi ya sa da yawa suka ƙi. Wanda ya shekara ashirin yana karɓar ƙwayoyinsa ba gardama sai ya wayi gari likitansa ya yi ritaya, sabon kuma ya ce ba zai sa hannu ba. Farashi ma ya ninka sau da yawa tunda sai an yi odarsa ta musamman. A Nuwamban 2017 hukumar lafiya ta NHS a Ingila ta sa shi cikin jerin magungunan da bai kamata likitocin unguwa su riƙa rubutawa ba: kada a fara wa sabon majinyaci, waɗanda ke kai kuma a taimaka musu su bari. Wasu sun koma wurin likitoci masu zaman kansu suna biya daga aljihunsu. Wanda ake tallatawa a intanet ba tare da takardar likita ba, babu tabbacin abin da ke cikinsa.

Wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya daina farat ɗaya ba, domin jiki ya riga ya saba. Likita ne ke rage masa kaɗan-kaɗan.

Madadi

Farasitamol zalla, ibuprofen da danginsa ga wanda cikinsa da ƙodarsa za su ɗauka, sai co-codamol (haɗin farasitamol da kodin) ko tramadol.