Ƙa'idar jinyar ciwon damuwa mai rahusa a Ingila

A Ingila, wanda ciwon damuwa ko fargaba ya hana shi sakat ba sai ya jira likita ya tura shi ba. Muddin baligi ne kuma yana da rajista da likitan unguwa, zai iya neman taimako da kansa, ta waya ko ta intanet, daga wani shirin hukumar lafiya ta NHS. Ko sisi ba zai biya ba. An soma shirin a 2008 da sunan IAPT, a 2023 aka mayar da shi NHS Talking Therapies.

Ƙa'idar ta ce a bi abin hawa-hawa. Wanda larurarsa ba ta yi tsanani ba, ana fara haɗa shi da ma'aikacin da ya samu horon kamar shekara guda, maimakon babban likitan ƙwaƙwalwa. Su zanta ta waya ko a rukuni, a ba shi ɗan littafi ya riƙa rubuta tunanin da ke hana shi runtsawa da dare. Kowane zama yakan amsa tambayoyi tara kan barcinsa, cin abincinsa da halin da ransa ke ciki, a tara maki a ga ko ana samun sauƙi. In ba a samu ba, sai a ɗaga shi zuwa wurin ƙwararre.

Wasu na ganin wannan rowa ce. A ganina adalci ne, domin kuɗin gwamnati na kowa ne, kuma da ƙwararru kaɗai aka dogara da mafi yawan masu larurar sun tsufa a layi. Richard Layard, masanin tattalin arzikin da ya yi fafutukar shirin tare da masanin halayyar ɗan Adam David Clark, ya ƙiyasta a 2006 cewa jinyar mutum ɗaya za ta ci fam 750, kwatankwacin abin da gwamnati ke asara a wata guda idan ciwo ya zaunar da shi a gida, tsakanin tallafi da harajin da ba ya biya.

An kuma gindaya ma'auni: kashi 75 cikin ɗari su fara jinya cikin mako 6, kashi 95 cikin mako 18, sannan rabin waɗanda suka kammala su warke. Inda nake da damuwa shi ne ɗaya rabin da ba su warke ba, da kuma yadda ake auna jira. Ma'aunin jira ya tsaya ne kan zaman farko, alhali mutane da yawa sai sun daɗe kafin a kira su zama na biyu, kuma mai ciwon damuwa da wuya ya iya bin sawu yana tuni.