Ba a Cin Bashin Barci

Makon jiya wata uwa ta kawo mana ɗanta asibiti, saurayi mai shirin jarrabawa. Kai na sara masa, gaba na faɗuwa, ido ja wur kamar garwashi. Ita ta riga ta yanke hukunci tun daga gida: "Malama, taifot ce, in ba ita ba maleriya." Muka yi gwaji, ba ko ɗaya. Na ce, "Ɗana, ƙarfe nawa kake kwanciya?" Sai ya miƙo mini waya. Ƙararrawa shida ya saita, kowace bayan awa 4. In ta kaɗa ya kishingiɗa minti 20, ya tashi ya koma kan littafi. Awa 2 ke nan kacal tsakanin dare da yini. Wai a intanet ya gani, ana kiran tsarin Uberman, kuma an ce haka Leonardo da Vinci ya rayu. Wannan na Leonardo labarin shaci-faɗi ne da ake ta yawo da shi babu hujja.

Da shi kaɗai ne da ban ɗauki alƙalami ba. Ɗan kabu-kabu ya zo da gwiwa a ɗaye, ina wanke ciwon yana rantse mini bai yi barci a kan babur ba, "rintsawa ɗaya ce kawai." To ai ita ce! Direban da ke jigila Sakkwato zuwa Illela ya ce shi in ya ɗan gyangyaɗa a tasha, ya jefa goro, ya kora da shayi mai kauri da Nescafe, ya gama da barcin ranar. Haba Malam! Da rayukan mutane a bayanka?

Jama'a, ku daina yanka barcin dare gutsi-gutsi. Ku daina. Barci hawa-hawa ne, daga sama-sama zuwa mai nauyi zuwa na mafarki, kuma zagaye ɗaya yakan ci kusan minti 90, a maimaita sau 4 zuwa 6 kafin gari ya waye. Me minti 20 zai tsinana? Kamar ka riƙa sauke tukunya duk lokacin da ta fara tafasa ne, ka ce ka dafa wake. A 2015 ƙwararru kan barci a Amurka suka tsaya a kan cewa baligi na bukatar awa 7 ko fiye, 'yan shekara 13 zuwa 18 kuma shawarar da aka bayar a 2016 ita ce awa 8 zuwa 10. A 2021 gidauniyar nazarin barci ta ƙasar ta sa aka bi diddigin binciken da ke akwai kan wannan barcin gutsi-gutsi, ba a samu shaidar amfaninsa ba. Abin da rashin barci ke gadarwa kuwa sananne ne: mantuwa, saurin fushi, hawan jini, ciwon suga, haɗari a hanya. Kai mai karatu ma, abin da ka haddace da rana a cikin barci yake zama. Wa ka cuta?

Na san za a ce mini kailula fa? Kailula tamu ce, kuma mai kyau ce. Wanda ya san ranar Afrilu a garin nan, zafi ya haura 40, ba zai hana kowa miƙewa bayan Azahar ba. Amma ƙari ce a kan barcin dare, minti 20 zuwa 30, a tashi kafin La'asar. Mai tashi tahajjudi shi ma ya kwanta da wuri. Sahabi Abdullahi ɗan Amru da ke raya dare duka, ai an gaya masa jikinsa na da hakki a kansa.

Masu gadi da mu masu kwanan asibiti dole ce ta sa mu, ba gwaninta ba. Ni in na sauka aikin dare, labule nake saki, in kashe waya, in yi barcina a dunƙule.

Abin yi ba shi da yawa: kwanciya bayan Isha'i ba da jimawa ba, lokaci ɗaya kullum, waya nesa da matashin kai, ba goro, ba shayi mai kauri, ba lemon ƙarin kuzari da yamma, tramadol kuwa kada ma in ji, in zafi ya kore ku tsakar gida, a ɗaura gidan sauro, direba in ido ya fara lumshewa ya faka. Wanda barci ya ƙaurace wa makonni, ko mai minshari har numfashi na sarƙewa, ya zo mu gan shi.

Shi kuwa yaron, ban bari ya fita ba sai da ya goge ƙararrawa biyar a gabana, ya mayar da ɗayar ta Asuba. Wayar kuma uwar ta ce daga Isha'i a ɗakinta za ta riƙa kwana.