Wai me ake nufi da "iri mai jure fari"?

Kullum ana jin wannan kalma a bakin masana noma da masu saida iri, kuma da yawan mutane sun ɗauka shuka ce da za ta rayu ko ba a yi ruwa ba. Ba haka abin yake ba fa. Babu hatsin da zai yi ƙwaya babu ruwa. Abin da ake nufi kawai shi ne idan ruwa ya ɗauke na wasu kwanaki ko makonni ana tsakiyar damina, wannan irin zai yi asara kaɗan, na kusa da shi kuma ya ƙone ko ya tsaya ba amfani.

Kuma juriyar ma kala-kala ce. Akwai irin da dabararsa gudu ce, ya nuna da wuri kafin ruwan ya yanke, wannan a gaskiya bai jure komai ba, tsere wa farin ya yi. Wani kuma saiwarsa ce ke nutsawa ƙasa sosai ta zuƙo danshin da sauran ba sa kaiwa, a shekarar 2013 ma masu bincike a Japan sun gano ƙwayar halittar da ke sa saiwar shinkafa ta miƙe ƙasa maimakon ta bazu a sama, suka sa mata suna DRO1. Sai wanda ke tsuke ƴan ƙofofin da ke jikin ganye don kar ruwa ya fice da rana, da wasu nau'in dawa da ganyensu ke zama kore shar har lokacin da ƙwaya ke cika. Dawa da gero dama tun asali sun fi alkama da shinkafa tattalin ruwa, halittarsu ce haka.

Inda abin ya fi ban sha'awa a wurina shi ne masara. Lokacin da fari ya fi yi mata illa shi ne lokacin fure, saboda furen sama yana zubo garinsa a kan kari amma gemun yana makara idan ƙishi ya kama ta, kafin gemu ya leƙo garin ya ƙare, sai ka ɓare goyo ka tarar da ƙwaya ɗai-ɗai. To masana a cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT da ke Meziko suka riƙa hana gonar gwaji ruwa da gangan a daidai wannan lokaci, su zaɓi waɗanda gemunsu bai makara ba, su yi musu barbara, su sake shukawa su sake zaɓa, shekara da shekaru ana abu ɗaya. Da irin wannan aikin ne su da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan suka fitar da nau'o'in masara masu yawa a ƙasashen Afirka 13 daga 2007 zuwa 2015.

Ka ga kenan yawanci ba GMO ba ne, wato irin da aka sauya wa ƙwayar halitta a ɗakin gwaji, kamar yadda wasu ke zargi, zaɓe ne da barbara irin wanda manoma suka gada, sai dai an sa masa kimiyya da lissafi. Akwai na GMO ɗin kam, kamar alkamar HB4 da Ajantina ta amince da ita a 2020, wadda aka sa wa ƙwayar halitta daga furen sunfulawa.

Wahalar aikin ita ce juriyar fari ba ƙwayar halitta ɗaya ke riƙe da ita ba, suna da yawa kuma kowacce ɗan tasirinta kaɗan ne. Sannan shukar da ta cika tsuke ƙofofinta ba ta shaƙar iskar da take haɗa abinci da ita, sai ta rayu amma zangarniya ba nauyi. Manomi kuwa ba koren ganye ya shuka ba, buhu yake ƙirgawa, shi ya sa duk irin da ya yi ƙoƙari a shekarar fari amma ya gaza a shekarar da ruwa ya wadata ba ya wuce gonar gwaji.