Gyaran kurege da ƙananan namun daji a ƙasar Bauchi

Kurege ƙaramin naman daji ne mai buzu-buzun wutsiya, mazauninsa rami, abincinsa gyaɗa da hatsi da saiwoyi. A ƙauyukan Bauchi an fi farautarsa da rani, bayan an kwashe amfanin gona kuma ciyawa ta bushe, tare da zomo da gafiya da gyazbi. Ana kama su da karnuka, ko tarko, ko a haƙe rami. A gandun Yankari da ke Alkaleri, wanda aka keɓe a 1956, doka ta hana farauta.

Gyara daga yanka yake farawa. Dabbar da aka samu da sauran rai sai an yanka ta da bisimilla. Wadda ta mutu a tarko ko da bugun gora mushe ce a shari'a. Shi ya sa mafarauci ba ya rabo da wuƙa.

Daga nan hanya biyu ce, babbaka ko fiɗa, kuma fatar dabbar ke yanke hukunci. Fatar zomo ba ta da kauri. Ana tsaga ta a ƙafafun baya, a ja ta zuwa kai, sai ta saluɓe kamar riga. Ta kurege kuwa manne take da tsoka, ga shi naman ba yawa, in an feɗe kusan ba a bar komai ba. Don haka akasari babbake shi ake yi a wutar kara ko busasshiyar ciyawa, ana juyawa ana kankare gashin da wuƙa har fatar ta yi ja. Haka ake yi wa gyazbi. Wanda ya nace sai ya feɗe, to ya yi tun jikin da ɗumi, don in ya sandare aikin ya ƙara wuya.

Wajen fasa ciki ake gane gwani. Bakin wuƙa sama yake kallo, daga ƙirji zuwa mara, kada a huda hanji ko mafitsara. Maɗaciya a hankali ake cire ta daga hanta. Ta fashe, ɗaci ya gama naman. Da zafin rani ba a barin kayan ciki su kwana.

Naman kurege yana da tauri, musamman tsohon namiji. Farfesu da citta, masoro, tafarnuwa da daddawa ya fi gashi karɓarsa. Abin da za a ajiye kuwa bandarsa ake yi a kan hayaƙi.

Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba, kuma da rani cutar ke tashi, daidai lokacin farauta. Wani nau'in ɓera ke yaɗa ta ta fitsari da kashi da jini, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke hana kama ɓera don ci. Mai ciwo a hannu ba ya fiɗa, wuƙa da hannu a wanke su da sabulu, nama kuma ya dahu har ƙashi.