Matuƙan Comair bayan da Delta ya sayi kamfaninsu

Comair kamfanin jiragen sama ne na gajeren zango a ƙasar Amurka, wanda ya yi aiki daga 1977 zuwa 2012. Hedikwatarsa tana filin jirgin saman Sinsinati, filin da yake ɗauke da sunan birnin jihar Ohayo amma yake tsallaken kogi, cikin jihar Kentaki. Babban kamfanin jiragen sama na Delta ya gama sayen sa a watan Janairun 2000, kuma a watan Maris na 2001 matuƙansa kimanin 1,350 suka shiga yajin aikin da ya kai kwana 89, ɗaya daga cikin mafi tsawo da matuƙan jiragen fasinja suka yi a Amurka a wannan zamani. Sun samu ƙarin albashi. Tabbacin cewa aikin zai ci gaba da zama a hannunsu shi ne ba su samu ba, kuma a kan wannan ne har yau ƙungiyoyin matuƙa suke waiwayar labarin Comair duk lokacin da babban kamfani ya haɗiye ƙarami.

Asalin kamfanin

Raymond Mueller da ɗansa David, tare da wasu abokan kasuwanci biyu, su suka kafa Comair a 1977 da ƙananan jirage samfurin Piper Navajo. Shekara ɗaya bayan haka gwamnatin Amurka ta sakar wa kamfanonin jirage mara, ta daina tsara musu hanyoyi da kuɗin tikiti. Manyan kamfanoni suka koma tara fasinjojinsu a wasu ƴan manyan filaye, suna buƙatar ƙananan jirage da za su riƙa kwaso musu mutane daga ƙananan garuruwa. A 1984 Comair ya fara yi wa Delta wannan aiki ƙarƙashin sunan Delta Connection, a 1986 kuma Delta ya sayi kusan kashi 20 cikin ɗari na hannun jarinsa.

Abin da ya ɗaga Comair sama da tsararrakinsa shi ne jirgin CRJ mai kujera 50, ƙirar Bombardier na Kanada, wanda ya fara amfani da shi a 1993, kafin kowane kamfani a Amurka. Kafin nan jiragen gajeren zango masu farfela ne, ga ƙara, ga rashin sauri, fasinja ba ya son su. CRJ kuwa jet ne sosai, yana tafiya kusan da saurin manyan jirage, yana kuma kai wa garuruwan da a da sai manyan jirage ƙirar Boeing. Riba ta shigo wa Comair shekara bayan shekara. A watan Oktoban 1999 Delta ya sanar da cewa zai sayi sauran hannun jarin a kan kusan dala biliyan 1.8. A cikin shekarar ne kuma ya sayi Atlantic Southeast Airlines, wanda aka fi sani da ASA, mai yi masa irin wannan aiki daga Atlanta.

Jerin daɗewa da iyakar aiki

Ba za a gane damuwar matuƙan ba sai an san yadda aikin tuƙin jirgi yake tafiya a Amurka. Kowane kamfani yana da jerin sunayen matuƙansa bisa ranar da aka ɗauki kowa aiki. Lambar mutum a wannan jeri ita ce take yanke lokacin da zai tashi daga mataimaki ya zama kyaftin, da irin jirgin da zai tuƙa, da garin da zai zauna, da ranakun hutunsa. In za a rage ma'aikata, daga ƙasan jerin ake farawa. Lambar ba ta bin mutum zuwa wani kamfani: kyaftin da ya shekara ashirin yana tuƙi, in ya sauya sheƙa, a ƙarshen layi zai tsaya, a matsayin mataimaki, da albashin sabon shiga. Shi ya sa idan aka sayi kamfanin jirage, tambayar farko da matuƙa suke yi ita ce ko za a haɗe jerin biyu, kuma ta wace hanya.

Delta bai haɗe su ba. Ya bar Comair da ASA kowanne da lasisinsa, da shugabanninsa, da jerin matuƙansa, da yarjejeniyar albashinsa. Fasinja yana sayen tikitin Delta, ya hau jirgi mai tambarin Delta Connection, kuɗin ya shiga aljihu ɗaya, amma wanda yake tuƙa shi ba ma'aikacin Delta ba ne, kuma abin da ake biyan sa bai kama ƙafar na matuƙin Delta ba. Ga kamfanin, wannan ratar ita ce ribar cinikin.

Abu na biyu shi ne sharaɗin iyakar aiki. A yarjejeniyar da matuƙan manyan kamfanoni suke ƙullawa da masu kamfani akwai sashen da yake fayyace wane aiki ne nasu su kaɗai, da yawan ƙananan jiragen da za a iya bai wa wasu su tuƙa da sunan kamfanin, da yawan kujerun da ke cikinsu. Ma'ana, girman da Comair zai iya yi da irin jiragen da zai iya saya ana yanke su ne a teburin da matuƙan Comair ba su da kujera. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ɓangarorin biyu duk ƴan ƙungiya ɗaya ne, ALPA, babbar ƙungiyar matuƙan jirage da aka kafa a 1931, wadda kowane kamfani yake da majalisarsa a cikinta. Mai kamfani ɗaya, ƙungiya ɗaya, amma zaman ya zama na ƴan uba.

Su ma matuƙan Delta suna da hujjarsu, kuma ba ƙarama ba ce. Duk hanyar da aka ɗauke daga Boeing aka bai wa CRJ, aikinsu ne ya ragu. Suna kuma tsoron in aka haɗe jerin bisa ranar ɗaukar aiki, tsohon kyaftin na Comair zai iya shiga gaban wanda ya sha wahala kafin ya samu shiga Delta. A shekarar 2000 shugabannin matuƙan Comair da na ASA suka nemi ALPA ta fara aiwatar da ƙa'idarta ta haɗe jeri, tun da yanzu kamfanonin uku mallakar wuri ɗaya ne. Ƙungiyar ta ƙi. Wasu daga cikin matuƙan suka kafa gamayya mai suna Regional Jet Defense Coalition, suka kai ALPA kotu a kan cewa ta gaza wakiltarsu da adalci, tana karɓar kuɗin ƙungiya daga hannunsu tana kuma sa hannu a yarjejeniyar da take taƙaita aikinsu. Shari'ar ta ɗauki shekaru kafin a sasanta, kuma ba ta kai ga haɗe jerin ba.

Yajin aikin 2001

Ma'aikatan jiragen sama a Amurka suna ƙarƙashin dokar ƙwadago ta jiragen ƙasa ta 1926, wadda aka faɗaɗa ta haɗa da su a 1936. A wannan doka yarjejeniya ba ta mutuwa, lokacin gyaranta ne kawai yake yi. Ba a yajin aiki sai hukumar sasanci ta ƙasa ta sallami ɓangarorin, an jira kwana 30, kuma shugaban ƙasa bai kafa kwamitin gaggawa ba. Tattaunawar Comair ta faro tun 1998, kafin ma a yi maganar ciniki. Da Delta ya zama mai kamfani, buƙatun matuƙan suka ƙara nauyi: albashin da ya matso kusa da na manyan kamfanoni, kuɗin fansho da kamfani zai riƙa zubawa, isasshen hutu tsakanin tashi da tashi, da biyan dukan awannin da mutum yake bakin aiki, ba na cikin iska kaɗai ba. A lokacin sabon mataimakin matuƙi yana samun kusan dala 16,000 ne a shekara.

Yajin ya fara ranar 26 ga Maris, 2001. Shugaba George W. Bush, wanda a cikin watan ya tsoma baki ya hana makanikan kamfanin jirage na Northwest yajin aiki, bai yi haka a nan ba. Comair ya ajiye jiragensa duka, sama da tashi 800 a kowace rana suka tsaya, filin Sinsinati ya yi tsit. Kamfanin ya sallami ɗimbin ma'aikatan da ba su cikin yajin, ya kuma fara rabuwa da wasu jirage don matuƙan su ga cewa guraben aikinsu suna raguwa. A watan Mayu suka yi fatali da tayin masu sasanci da gagarumin rinjaye. Sai a watan Yuni, bayan sakataren sufuri Norman Mineta ya kira ɓangarorin Washinton, aka cimma matsaya, matuƙan suka amince da ita ranar 22 ga watan, jirage suka dawo tashi a farkon Yuli.

Yarjejeniyar ta shekara biyar ce. Albashin sabon shiga ya tashi zuwa kusan dala 21,000, na manyan kyaftin zuwa kusan 85,000, an kuma samu tsarin fansho. A tsakanin kamfanonin gajeren zango babu wanda ya kai su a lokacin.

Bayan yajin

Darasin da Delta ya ɗauka shi ne kada ya sake barin babban fili guda a hannun ƙaramin kamfani ɗaya. Cikin ƴan shekaru ya rarraba aikin Delta Connection ga kamfanoni da dama, irin su SkyWest, Chautauqua da Freedom, yana bai wa wanda ya fi araha sababbin jirage. Wannan shi ne makamin da ƙungiyoyin matuƙa suka fi tsoro: ba a rage maka albashi kai tsaye, sai dai a nuna maka maƙwabcin da ya yarda ya yi aikin a ƙasa da kai. Comair, da tsofaffin matuƙansa masu tsada, ya zama shi ne a baya a kowace gasa. Kasancewarsa mallakin Delta bai kare shi ba. Hasali ma kamfanonin waje suna da kwangilar da ta ɗaure Delta na shekaru, shi kuwa na gida ana iya rage shi a duk lokacin da aka ga dama.

Dangantaka da matuƙan Delta ma ta ƙara tsami bayan harin 11 ga Satumba, 2001, lokacin da Delta ya dakatar da ɗaruruwan matuƙansa. Comair yana ɗaukar ma'aikata a lokacin, amma ƙa'idarsa ita ce sai mutum ya ajiye lambarsa ta Delta kafin a ɗauke shi, kuma shugabannin matuƙan Comair ba su matsa a sauya ta ba. Matuƙan Delta sun daɗe ba su manta da wannan ba.

Daga nan matsaloli suka riƙa bin juna. A Kirsimetin 2004 na'urar da take tsara aikin ma'aikatan jirgi ta tsaya, aka soke tashi kusan 1,100 a rana ɗaya. A 2005 matuƙan suka yarda a daskarar da albashinsu don a kawo sababbin jirage, a shekarar kuma Delta ya sayar da ASA ga SkyWest a kan dala miliyan 425. Ranar 14 ga Satumba, 2005, Delta da Comair suka nemi kariyar kotu daga masu bin su bashi. Kotun ta bai wa Comair damar soke yarjejeniyar matuƙan, ta kuma hana su yajin aiki, sai suka karɓi ragin albashi a farkon 2007. Ana cikin wannan ne jirgin Comair mai lamba 5191 ya yi hatsari a Lexington ranar 27 ga Agusta, 2006, bayan ya yi ƙoƙarin tashi daga gajeren titin da ba shi aka ba shi ba. Mutum 49 cikin 50 suka rasu.

Rufewa

Tsadar mai ta sa jirgi mai kujera 50 ya daina biyan kansa, kuma jiragen Comair suna cikin mafi tsufa. Bayan haɗewar Delta da Northwest a 2008, filin Detroit, inda Northwest yake tara fasinjojinsa, ya rage wa Sinsinati muhimmanci. A 2010 aka sanar da rage jiragen Comair da fiye da rabi. A tsakiyar 2012 matuƙan Delta suka amince da sabuwar yarjejeniya wadda ta tanadi rage jiragen kujera 50 zuwa 125, da ƙarin masu kujera 76, da kawo Boeing 717 wanda su za su tuƙa. Ranar 27 ga Yuli Delta ya sanar da rufe Comair, tashin ƙarshe kuma aka yi ranar 29 ga Satumba, 2012. Ma'aikata kimanin 1,700 suka rage a lokacin. Matuƙan da suka samu aiki a wasu kamfanoni daga ƙasan jeri suka fara. Bayan ƴan watanni, a 2013, Delta ya mallaki kamfanin Pinnacle da ya fito daga kotun fatara da ragin albashi, ya sauya masa suna zuwa Endeavor Air.

Matsayin doka

A ƙarshen 2007 majalisar dokokin Amurka ta zartar da gyaran da ake kira McCaskill-Bond, sakamakon ƙorafin ma'aikatan kamfanin jirage na TWA da aka jefa da yawansu ƙasan jeri bayan kamfanin American ya sayi kamfaninsu a 2001. Gyaran ya dawo da ƙa'idar da aka shimfiɗa a haɗewar kamfanonin jirage na Allegheny da Mohawk ta 1972: a haɗe jerin daɗewa cikin adalci, in an kasa jituwa a je gaban mai yanke hukunci. Sai dai yana aiki ne idan kamfanonin biyu za su koma kamfani ɗaya. Inda mai saye ya bar ƙaramin da lasisinsa daban, kamar yadda aka yi wa Comair, dokar ba ta tilasta komai. Abin da matuƙan gajeren zango suka fi nema tun daga lokacin shi ne yarjejeniyar wucewa, wadda take bai wa matuƙin ƙaramin kamfani damar shiga babban idan layi ya zo kansa, kamar yadda ake yi a Envoy, Piedmont da PSA, waɗanda duk mallakin American ne. Ko a nan ma, ranar da ya shiga babban kamfanin ita ce ranar da lambarsa take farawa.