Tambayoyin da ake ta maimaita mini kan masu raunin fahimta

Tambayoyin nan kullum su ne dai, daga bakin iyaye, malamai da 'yan'uwa. Na tara su a nan. Ku karanta kafin ku sake aiko mini da su.

Hauka ne?

A'a. Taɓin hankali yakan zo wa mutum bayan ya taso lafiya lau, kuma sau da yawa magani yana lafar da shi. Raunin fahimta tun yarinta yake bayyana: yaro ya yi jinkirin magana, karatu, lissafi da kula da kansa. Mutum ɗaya zai iya haɗa duka biyun, amma kowanne daban yake.

Zai warke?

Babu allura ko ƙwayar da ke kawar da shi. Wanda ya ce muku yana da ita, kuɗinku yake so. Amma yaron yana koyo, a hankali, idan an maimaita masa an kuma yi haƙuri da shi.

Daga wajen uwar ya gado? Ko aljanu ne suka taɓa shi?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai, don na san inda take ƙarewa: a tsangwami uwa, wani lokaci har a sake ta. Wasu dalilan sanannu ne. Akwai doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, shawara mai tsanani a kwanakin farko, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ƙarancin sinadarin aidin a jikin mai ciki, da gubar dalma. Akwai kuma irin wanda likitan Ingila John Langdon Down ya bayyana a 1866, wanda ake kira Down syndrome, aka gano a Faransa a 1959 cewa ƙwayar halitta ta 21 ce ta zo uku maimakon biyu. Ba wanda ya aikata wani abu ya jawo hakan. A yara da yawa ma likita zai bincika bai gano dalili ba. Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki, ba laifinki ba ne.

An yi masa gwajin basira, an ce makinsa bai kai 70 ba. Shike nan?

Ba shike nan ba. Alfred Binet ya ƙirƙiro gwajin a Faransa a 1905 don a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta, ba don a yanke musu hukunci ba. Gwajin da aka tsara da wani harshe, da hotunan abubuwan da yaro bai taɓa gani ba, zai iya nuna shi ƙasa da yadda yake. Shi ya sa ƙwararru ke duba rayuwarsa ta yau da kullum: yana wanka da kansa, yana kai saƙo, yana gane hatsari? Kuma a gwada jinsa da ganinsa tukuna. Yaron da ba ya ji sosai, sau da yawa akan ɗauka ba ya fahimta ne.

Yana duka, yana fasa kaya. In ɗaure shi?

Kada ku kuskura. Wanda ba ya iya cewa "haƙorina na ciwo" da jikinsa yake faɗa. A duba haƙori, kunne, ciki da farfaɗiya, a lura da abin da ke faruwa daf da ya fara. Masu cewa a kai shi wani gida a ajiye, su tuna Willowbrook, gidan ajiye masu raunin fahimta a New York: wurin mutum 4,000 aka cusa wa sama da 6,000, sai a 1972 talabijin ta nuna wa duniya ƙazanta da wulaƙancin da suke ciki.

'Yata ta balaga, ina tsoron a yi mata ciki. In sa a juya mata mahaifa, ko in yi mata aure?

Wannan ita ce mai wuya, kuma ba na raina tsoronki. Mata masu irin wannan lalura sun fi sauran mata fuskantar cin zarafi, kuma galibi daga wanda gidan ya sani ya yarda da shi. Amma ki lura da abu ɗaya. Juya mahaifa ciki yake hanawa, ba ya hana fyaɗe. Yana iya ma rufa wa mai yi asiri, tunda alamar da za ta tona shi ta kau.

An bi wannan hanyar a baya. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta a hana Carrie Buck haihuwa da sunan rauninta, alhali cikin da ta yi na fyaɗe ne, kuma binciken baya ya nuna ba ta ma da lalurar. Sama da mutum 60,000 aka yi wa haka a ƙasar. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006, a sashe na 23, ta ce suna da haƙƙin aure da riƙe haihuwarsu kamar kowa.

To me za ki yi? Ya danganta da ita. Raunin yana da matakai, kuma mafi yawan masu shi nasu mai sauƙi ne. Mai irin wannan za ta iya gane aure, ta so wani, ta riƙe gida da taimakon dangi. Idan ita ke so, kuma mijin ya san halinta ya karɓa da mutunci, ban ga dalilin hana ta ba. Idan kuwa ba ta gane me ake nufi da miji ba, aurar da ita don a sauke nauyi zalunci ne, ko an yi shi da kyakkyawar niyya. Tsakanin waɗannan biyun akwai 'yan mata da yawa da ba za a yanke musu hukunci a zama ɗaya ba.

Idan ana buƙatar tsarin iyali, akwai hanyoyin da ake iya dainawa, kamar allura ko robar hannu. A yi mata bayani da kalmomin da take ganewa, a nemi yardarta. A gaya wa likita idan tana shan maganin farfaɗiya, don wasunsu suna rage ƙarfin ƙwayar hana ciki da robar. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a tambaya. Kafin duk wannan, ki koya mata sunayen sassan jikinta, da inda ba a taɓawa, da wanda za ta gaya wa. Idan ta faɗa, ki yarda da ita.

In sa shi makaranta?

Eh. Tun jiya ya kamata.

Ai ba ya gane abin da muke cewa a kansa.

Yana ganewa fiye da zatonku. Ko bai kama kalmomin ba, yana jin murya, yana ganin fuska. Ku daina maganarsa a gabansa kamar ba ya nan, ku daina kiran mutum mai gemu "yaro". Likita ma, shi zai fara tambaya kafin ya juya ga wanda ya rako shi.

Idan na mutu, wa zai kula da shi?

Ku fara shiri yanzu da ranku. A zauna da 'yan'uwansa a yi maganar a fili, da shi a wurin. A rubuta magungunansa, abin da ke tsorata shi da abin da ke kwantar masa da hankali. A tabbatar rabonsa na dukiya yana hannun amintacce, da shaidu. Sannan a koya masa wata sana'a daidai ƙarfinsa, ya saba da kwana a wajen wanda zai riƙe shi tun kuna nan.