Waiwaye: Kudancin ƙasar Amurka ya sha kaye a fagen fama, ya ci nasara a aji

Tun daga 2021 jihohin Amurka sama da goma suka kafa dokokin taƙaita abin da malami zai faɗa a aji game da bauta da wariyar launin fata. Wasu iyaye na kukan ana koya wa 'ya'yansu jin kunyar fatarsu, wasu kuma na cewa so ake a binne gaskiya. Masu sharhi da dama na ɗora mafarin rigimar a kan zanga-zangar 2020 bayan kisan George Floyd. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan tsamin ya haura shekara ɗari.

Farkon labarin sananne ne. A 1619 aka sauke 'yan Afirka kimanin 20 a Bajiniya. Zuwa 1860 bayi sun kai kusan miliyan 4. Jihohin Kudu 11 suka ɓalle, aka gwabza yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, aka rasa rayuka sama da dubu 600, aka haramta bauta. Bayan 1877 dokokin wariya suka maye gurbin sarƙa.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne tsakanin 1890 da 1920, lokacin da waɗanda suka ga yaƙin da idonsu ke ƙarewa. Ƙungiyoyin tsofaffin sojojin Kudu da na zuri'arsu suka gane cewa wanda ya riƙe littafin makaranta shi zai gaya wa jikoki abin da ya faru. Labarin da suke so a gada shi ne: ba don bauta aka yi yaƙin ba, don kare 'yancin jihohi ne, iyayengiji masu tausayi ne, bayi kuwa suna zaune cikin wadar zuci. Alhali takardar ɓallewar jihar Misisifi ta 1861 ta faɗa ƙarara cewa matsayinta a ɗaure yake da bauta.

A wajajen 1920 aka rarraba wata ƙasida mai ɗauke da ma'aunin tantance littattafai. Duk littafin da ya ce Kudu ya yi yaƙi don riƙe bayi, a ƙi shi. Wanda ya kira sojan Kudu ɗan tawaye, ko ya ce masu bayi azzalumai ne, shi ma a ƙi shi. Waɗanda suka riga suka shiga ɗakunan karatu, a rubuta a jikinsu cewa ba su yi wa Kudu adalci ba.

Da ƙasida ce kawai, da ta bi iska. Abin da ya ba ta haƙora shi ne tsarin saye. A yawancin jihohin Kudu jeri guda ake fitarwa na littattafan da aka amince wa duk makarantun jiha, saboda haka littafin da bai shiga jerin ba ya rasa kasuwar jiha sukutum. Ciniki ya yi aikinsa: aka riƙa sassauta lafazi, wani lokacin a yi bugu biyu, na Arewa daban, na Kudu daban. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, makarantun baƙar fata galibi kwancen littattafan makarantun farare ake tura musu. Jikan bawa ya buɗe tsohon littafi ya karanta cewa kakansa ya ji daɗin bauta.

An yi ta ja da wannan tun da wuri. Masanin tarihi baƙar fata Carter Woodson ya ƙirƙiro makon tarihin baƙar fata a 1926, takwaransa Du Bois kuma ya rufe littafinsa na 1935 da babi guda kan farfagandar da ke cikin littattafan makaranta. Duk da haka, a Bajiniya littattafan da ke nuna bayi cikin walwala sun zauna a aji daga ƙarshen shekarun 1950 har farkon shekarun 1970. Kisan kiyashin birnin Tulsa na 1921, da aka ƙone unguwar baƙar fata ƙurmus, ya yi shekaru masu yawa ba ya cikin darasi. A Misisifi, wani littafin 1974 da ya yi maganar kisan gilla da ake yi wa baƙaƙe sai da hukuncin kotu a 1980 ya samu shiga jerin.

A ganina nan ne masu da'awar fifikon farar fata ke samun wurin shuka. Ba sa buƙatar ƙirƙiro sabon labari, tsohon suke tunatarwa. Gangaminsu na garin Shalotsbil a Bajiniya a 2017, da aka kashe mace guda da mota, a kan shirin cire mutum-mutumin janar ɗin Kudu aka kira shi. Yaran da suka haddace littattafan 1960 kuwa yau su ne dattawan da ke kaɗa ƙuri'ar zaɓen hukumomin makarantu, kuma da yawansu da zuciya ɗaya suke faɗa in sun ce ana sauya musu tarihi.